Kowa Ya San Fangali

Habsa ta kwance ƙullin zanen da ta riƙo tun daga gida, ta zazzage abin da ke ciki a kan teburin biro, wato ofis. Dashen albasa ne, ko kuwa abin da ya rage na dashen. Ganyen ya ƙanƙance ya yi ruwan ƙasa kamar an gasa shi a bakin murhu. Ƙasar da ke jikin saiwoyin ta watsu a kan takardu, har ta hau ordinatar, na'urar da wata yarinya ke dannawa.

"Ina mai biron nan?"

Yarinyar ta ɗaga kai. Ba ta yi tsawa ba, ba ta kuma kira mai gadi ba. Ta ɗauke na'urarta ta hure ƙasar, sannan ta jawo kujera.

"Sannu da zuwa, Inna. Mushe Habibullahi ya fita, yanzu zai dawo. Ni baƙuwa ce a nan, sunana Raihana. Zauna ki sha ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba. Ruwa akwai shi a garinmu."

Amma ta zauna, don ƙafafunta sun gaji. Tun da safe ta baro ƙauyensu a kwarin Tarka, a bayan mota mai buɗaɗɗen baya, tsakanin buhunan gero da wani rago da bai daina taka mata ƙafa ba har Madawa. Daga tasha ta tako da ƙafa zuwa biron ƙungiyar manoman albasa, don ta ƙi hawa babur ɗin haya, kabu-kabu. Ta sha ruwan kuma, ta shanye shi tas, ta ajiye kofin da ƙarfi don kada a ɗauka ta huce.

"Wurin Mai Ladabi na zo," in ji ta. "A fito mini da ita."

"Wace ce Mai Ladabi?"

Mai gadin ne ya amsa daga bakin ƙofa. Wani dogon dattijo ne da ake kira Gajere, ya biyo ta tun daga ƙofar gida yana ce mata ta tsaya, ita kuwa ko waiwaye.

"Muryar wayar nan take nufi, Madan. Haka mutanen ƙauye ke ce mata, don ba ta magana sai ta ce sannu da aiki."

Bara ne ƙungiyar ta kawo muryar. Aka tara mutane a gindin gawo aka ce ga lamba, duk wanda ke da tambaya a kan shuka ko taki ko magani ya kira, za a amsa masa da Hausa, dare ko rana, ko bai taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Habsa ba ta damu da ita ba, don ta girmi albasar kwarin nan duka. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da garkar, lambun da ya bari, ita ke zuba iri, ita ke dashe, ita ke tsayawa a kan masu ɗaurin buhu. Sai bana aka raba wani sabon magani mai jan murfi wanda ba ta taɓa gani ba, ƙananan ƙwarin nan masu sa ganye ya yi fari kuma suka sauka a kan dashenta. Shi ne ta kira.

"Na tambaye ta, ta faɗa mini, na yi yadda ta ce," Habsa ta nuna teburin da haɓa. "Ga abin da ta ce."

Raihana ta ɗauki ganye ɗaya, ya murmushe a hannunta.

"Duka suka ƙone?"

"Fangali uku da na zuba wa iri a garka. Ko na sa wa miya bai tsira ba. Amma ba wannan ya taso ni ba, ɗiyata. Albasa ta sha mutuwa a hannuna, ta ruwa, ta rana, ta fari. Ɗana Idrisa ne ya tsaya a kan fangalin ya ce, Inna, kunnenki ne. Wai na'ura ba ta kuskure, ni ce ban ji daidai ba. Wai na tsufa, in huta, shi zai riƙe garkar. Ya je ya gaya wa baffansa. Gobe in an sauko Juma'a za su zauna a kaina, kamar wata gonar gado. Kunnena! Ni da nake jin motsin akuya a cikin dawa daga kan gado."

Raihana ta kakkaɓe hannunta. Sannan ta ce, "Inna, ba ni lambar wayarki. Duk maganar da aka yi da ita tana nan a ajiye."

Habsa ba ta san lambar ba. Ta zaro wayar daga lalitarta ta miƙa. Yarinyar ta yi ƴan danne-danne, sai ga muryar Habsa ta fito daga na'urar, da kukan injin ban ruwa a bayanta.

"Salamu alaikum. Dashe gare ni fangali uku, ƙwari sun taɓa shi. Ga maganin nan naku mai jan murfi. Nawa zan zuba?"

"Sannu da aiki, Inna," in ji wata murya mai laushi. "Ki zuba rabin kwalba."

"Rabin kwalba? Ke, bai yi yawa ba?"

"Na sake lissafawa, Inna. Rabin kwalba ne daidai. Allah ya ba da amfani."

Habsa ta rufe ido. Tun ranar da abin ya faru, akwai wani ɗan wuri a zuciyarta da ke cewa ko dai Idrisa ne da gaskiya. Ba ta gaya wa kowa ba. Yanzu wurin ya yi shiru.

"Sake sa shi," ta ce.

Aka sake.

"Gajere, ka ji?"

"Na ji, Hajiya."

"Ban je Makka ba, kada ka ɗora mini. Ka dai ji rabin kwalba?"

"Da kunnena."

"To, naka kunnen ma ya tsufa ke nan."

Ana haka aka ji tsayuwar moto, babur ke nan, a waje. Wani mutum mai matsakaicin shekaru ya shigo yana cire hular kwano, riga fes, alƙalami biyu a aljihu. Shi ne Habibullahi, malamin gona na ƙungiyar, wanda ake ce wa Mushe, wato Malam a Faransanci. Ya dubi teburinsa, ya dubi tsohuwar, ya gaishe ta yadda ya kamata. Ta amsa a gajarce. Raihana ta faɗa masa abin da ya faru, ta sa masa maganar ya ji.

Ya ɗauki ganyen ya shinshina. "Magani ne ya ƙone shi, babu shakka. Amma Inna, ai an rubuta yadda ake zubawa a jikin kwalbar."

"Mushe, da ina karanta jikin kwalba, mi zai kai ni wurin ƴar wayarku? Ba kai ba ne ka tsaya a gindin gawo ka ce wanda bai yi lakwal ba ya tambaye ta? Na gane ka. Rigar nan ma ita ce a jikinka."

Habibullahi ya shafa rigar. Ya juya wurin Raihana ya yi mata magana da Faransanci da sauri.

"Ku yi da Hausa," in ji Habsa. "Albasar da Hausa ta mutu."

"Cewa na yi," ya ce a hankali, "lissafin nan ni na tsara shi, kuma ba ya kuskure. Na gwada shi ba sau ɗaya ba."

"Lissafin bai yi kuskure ba," Raihana ta ce. Ta juyo da kujerarta ta fuskanci tsohuwar. "Inna, bari in gaya miki yadda take aiki, don ki san wanda za ki kama. Ita muryar nan ba ta san noma ba, ba ta taɓa ganin albasa ba. Kamar baƙuwa ce aka sauke ta a gida, aka ba ta kayan aiki cikin akwati. Wannan na lissafin magani, wannan na duba ko za a yi ruwa, wannan na jin yadda kasuwa take. Kowane an rataya masa ɗan bayani, cewa ga amfaninsa, ga abin da za a zuba masa, ga abin da zai fito. In kin tambaye ta, sai ta karanta bayanin, ta ɗauki wanda ya dace, ta zuba masa maganarki, abin da ya fito ta faɗa miki."

"Ƴar aike ce ke nan."

"Ƴar aike ce."

"Ke kuma fa?"

"Ni an turo ni daga Tawa in karanta bayanan nan ɗaya bayan ɗaya, in ga wanda aka rubuta da kyau da wanda ba a rubuta da kyau ba, in ba su maki."

"Kamar ƴan lakwal."

"Kamar su."

"To, na maganin nawa ya ci?"

Raihana ta dubi na'urar, ta ɗan daɗe tana dubawa. "Jiya na duba shi. Ya cinye duka."

Gajere ya yi tari a bakin ƙofa.

"Karanto mini shi," in ji Habsa. "In ji abin da ya ci duka."

Bayanin dogo ne. Raihana tana karantawa da Faransanci tana juyawa da Hausa. An faɗi sunayen magunguna, da na ƙwarin da suke kashewa, da cewa hukuma ta yarda da su, da shekarar da aka yarda. An faɗi cewa a sa safar hannu. Habibullahi yana tsaye yana gyaɗa kai a kowace gaɓa, kamar mai jin karatun ɗansa. Habsa ta fara gyangyaɗi da gangan. Can ƙarshe yarinyar ta ce, "Sai wurin da aka ce, a saka yawan parsel."

"Yawan mi?"

"Parsel."

"Mi ke nan?"

"Filin da ƙungiya ke yanka wa kowane manomi ne a babban lambu," in ji Habibullahi. "Rubu'in hekta. Kowa ya sani."

"Mai girman ina?"

"Kamar... daga nan zuwa bakin titi, a murabba'i."

Habsa ta leƙa ta taga. Bakin titi da nisa, har mai sayar da rake da ke can ya zama ɗan ƙarami.

"Ni na ce mata parsel?"

"Fangali kika ce," in ji Raihana. "Ita kuma ta duba bayanin, ta ga wuri ɗaya ne tak aka bar mata, na yawan parsel. Ba a gaya mata girman parsel ba, ba a gaya mata fangali daban ne ba. Ta ji uku, ta zuba uku. Sai aka ba ta maganin da zai isa daga nan zuwa titi har sau uku. Ba a kuma rubuta cewa abin da ya fito na rabawa ne a famfon feshi da yawa ba. Ita ma ba ta faɗa miki ba."

"A famfo ɗaya na juye shi."

"Ai ba don masu fangali aka yi shi ba," Habibullahi ya ce, muryarsa ta ɗan tashi. "Don masu parsel aka yi. Duk wanda ke aiki a ƙungiyar nan, har Gajere, ya san parsel. Abin da kowa ya sani sai an rubuta shi?"

"Kowa," in ji Habsa. "Ita ta sani?"

Ya gyara alƙaluman aljihunsa.

"Tambayarka nake, Mushe. Ka aiki baƙuwa, ka ce mata je ki wurin da kowa ya sani. Ta fita ta faɗa rijiya da kayana a kanta. Wa zan kama?"

Raihana ta ɗauki wayar biron. "Bari mu gwada wani abu. Inna, kira ta ki ce kin shuka albasa a cikin wani abu ƙarami. Duk abin da kika ga dama."

Habsa ta karɓi wayar kamar mai karɓar kunama. Muryar ta yi sallama, ta yi sannu da aiki.

"Ke, albasa na shuka a ƙwaryar fura guda uku. Ƙwari sun taɓa ta. Maganin nan mai jan murfi, nawa zan zuba?"

"Sannu da ƙoƙari, Inna. Ki zuba rabin kwalba. Allah ya ba da amfani."

Gajere ya fashe da dariya har ya dafa ƙyaure. Habibullahi ya jawo kujera ya zauna a hankali, ya ɗora hular kwanon a gwiwa. Ya daɗe yana kallon ganyen da ke kan teburinsa.

"Mutum nawa suka kira ta a kan maganin nan?" ya tambaya.

"Zan duba," in ji Raihana. "Mafi yawansu masu parsel ne. Amma lokacin dashe ne yanzu."

"A rufe shi. A rufe na maganin yanzu, har a gyara."

"Na rufe tun tana magana." Raihana ta jawo takardar da take ba da maki a kai, ta dube ta, ta kife ta. "Tambayoyina duk bayanin ya amsa su. Ya faɗi amfaninsa? Ya faɗa. Ya faɗi abin da za a saka? Ya faɗa. Babu inda aka ce in ba wanda bai san gidan ba ya karanta, in ga inda zai nufa. Ni ma da na karanta parsel, na san parsel, sai na wuce." Ta gyara zama ta ɗora yatsu a kan na'urar. "To mu gyara shi tun Inna tana nan. Inna, fangali yaya girmansa yake?"

"Fangali? Kowa ya san fangali."

Habibullahi ya ɗaga kai. Gefen bakinsa ya motsa, Habsa kuma ta gani.

"Mi kake murmushi? Fangali fangali ne. Tun ina goye nake ganinsa."

"A wajenmu can Garhanga," in ji Gajere, "fangali bai wuce tabarmar salla ba."

"Ku da ba ku da ruwa, ina kuka ga fangali? Wannan ai makwancin kaza ne. Fangali daga nan zuwa bangon can."

"Wannan kuma ɗaki ne, ba fangali ba."

"Na Zalika maƙwabciyata ma ya fi nawa tsawo, don ita ragguwa ce, ba ta son yawan kunya a tsakani." Habsa ta tsaya. Ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta gyara ɗaurin kallabinta ta dubi taga.

"To kin gani, Inna," Raihana ta ce ba tare da dariya ba. "In na rubuta fangali kawai, gobe ta ƙone na Garhanga ko ta bar na Zalika da ƙwari."

Sai suka fita tsakar gidan. Rana ta ɗaga, inuwar itacen dogon yaro ta tattare a gindinsa. Habsa ta tuɓe takalmanta, ta ja layi a ƙasa da babban yatsa, ta taka tsawon fangalinta yadda take taka shi kowace shekara, ta sake jan layi. Taki shida. Habibullahi ya taka wurin, ya samu huɗu da ɗan ƙari. Gajere ya ce a bari ya gwada, aka hana shi, don shi da taki uku zai ƙetare. Suka tsaya su huɗu suna kallon layi biyu a ƙasa.

"Ƙafa ma ba ɗaya ba ce," in ji Habibullahi. Ya shiga ya ɗauko igiyar awo, ya durƙusa da kansa ya auna, rigar nan fes ta sha ƙasa.

Suka koma ciki. Raihana tana rubutawa tana faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Cewa parsel rubu'in hekta ce, kuma fangali ba parsel ba ne. Cewa in mutum ya ce fangali, ko kunya, ko wani suna daban, kada a yi lissafi sai an tambaye shi tsawo da faɗi, da takin wa ya auna. Cewa kada a faɗi kwalba, a faɗi murfi nawa a famfo ɗaya. Habibullahi ya ƙara nasa, ya rage wasu sunayen magungunan da ya ce ba su da amfani a wurin. Sabon bayanin bai kai rabin tsohon ba.

"Saura ɗaya," in ji Habsa. "Rubuta. In tsohuwa ta ce mata bai yi yawa ba, ta tsaya. Kada ta ce ta sake lissafawa. Ta ce, Inna, bari in haɗa ki da mutum."

"Ko ba tsohuwa ba," in ji Raihana, tana rubutawa.

"Ni dai tsohuwa na sani."

Aka sake kiran muryar a gwada. Habsa ta faɗi fangali uku. Muryar ta ce sannu da aiki, sannan ta tambayi tsawonsu da faɗinsu. Da aka gama ta ce murfi ɗaya bai cika ba, a famfo guda. Habsa ta tuna rabin kwalbar da ta tuttula da hannunta, tana bisimilla.

"Inna," in ji Raihana, "in kina so, zan gaya mata abin da ya faru, ta ba ki haƙuri."

"Gaya mata mu ji."

Muryar ta ba da haƙuri. Ta ba da shi da kyau, da kalmomi masu daɗi, ta ce ta fahimci zafin da Inna ke ji, ta yi addu'ar Allah ya mayar da alheri. Habsa ta saurara har ƙarshe.

"Kashe ta. Wanda bai yi asarar komai ba, haƙurinsa ba shi da nauyi. Kuma ba a kama ɗan aike." Ta juya ga Habibullahi. "Kai."

"Na'am, Inna. Laifin rubutuna ne. Ki yi haƙuri."

"Na ji. Naka ya fi nata, ko don gwiwarka da ta sha ƙasa. Amma haƙuri ba a dasa shi. Lokacin zuba sabon iri ya wuce, in na zuba yanzu zafi zai riske ta kafin ta yi kai. Na ga dashe kore shar a bayan biron nan da ina shigowa."

"Na lambun gwaji ne. Sai an nemi izini daga Tawa."

"Nemi."

"Shugaban ƙungiya yana taro, sai..."

Habsa ta sauka daga kujerar, ta shimfiɗa zanen da ta ƙullo dashen a tsakiyar biron, ta zauna a kai ta miƙe ƙafafu. Ta zaro goro ta ɓantara.

"Ina nan. Ni ba ni da taro."

Habibullahi ya fita da waya a kunne. Ta taga suna ganinsa yana kai da kawowa a ƙarƙashin dogon yaro, yana taka layin da ta ja ba tare da ya lura ba. Raihana ta ci gaba da aikinta, ta buɗe bayanin na taki, ta karanta, ta ja tsaki a hankali, ta buɗe na gaba. Aka kira azahar. Habsa ta yi alwala da butar Gajere ta yi sallarta a kan zanen, ta koma ta zauna. Da Mushen ya dawo, ya ce an yarda, amma abin da za a iya cira ba zai kai na fangali ukun da ta rasa ba. Zai kai na biyu.

Ta yi lissafinta a zuci. Biyu za su rufe fiye da rabin garkar. Sauran ta sa kabeji.

"Na karɓa. Saura Idrisa."

"Ba ni lambarsa in kira shi yanzu, in gaya masa ba kunnenki ba ne."

"A'a. A waya aka ƙone ni, ba a waya za a wanke ni ba. Gobe da hantsi ka ɗauko dashen da kanka, ka kawo shi garkata. Ka tsaya a kan fangalin nan inda ya tsaya, ka faɗa da bakinka, baffansa yana ji. Ka zo da maganar nan ta cikin na'ura a sa musu."

"Gobe Juma'a, Inna, ga aiki..."

"Akwai masallaci a garinmu."

Ya dubi Raihana. Raihana tana kallon na'urarta.

"In Allah ya so, zan zo."

"Allah yana so. Kai ne ban sani ba." Ta tashi, ta kakkaɓe zanen, ta miƙa hannu ta ɗauke hular kwanon daga kan tebur ta ƙulle a ciki. "In ka zo ka karɓi hularka."

"Inna, jandarma za su tare ni a hanya in ba hula!"

"Ka zo da motar ƙungiya. Dashe ma ba ya son moto."

Gajere ya raka ta har bakin titi yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce in ta sake zuwa ta zo masa da albasa. Ta ce sai ya fara koyon abin da ake kira fangali.

A tasha motar garinsu ba ta cika ba. Ta samu wuri a kan wani buhu, ta ɗora ƙullin a cinya. Wata mata da ke kusa ta ga hular ta leƙo ta bakin zanen, ta ce, "Goggo, moto kika saya?"

"Jingina ce."

Ta zaro wayar, ta danna maɓallin da aka nuna mata na Idrisa. Ya ɗauka tun kafin ta yi ƙara biyu.

"Inna! Ina kika shiga tun safe? Mun duba gidan Zalika, mun duba garka..."

"Ina Madawa."

"Madawa? Ke kaɗai? Wurin wa?"

"Wurin kunnena. Na same shi, lafiyarsa lau. Saurara. Gobe da hantsi za a kawo mini dashe, da baƙo. Ka gaya wa baffanka ya zo garka, ba sai an jira saukowa Juma'a ba. Ka ce wa matarka ta dama fura mai kyau."

"Wane baƙo? Inna, ai mun ce..."

"Ku kuka ce. Yanzu ka ɗauki kwasa ka je ka gyara mini wurin dashe, gefen rijiya, tun rana ba ta faɗi ba."

Tana jin numfashinsa, tana jin kukan jikarta a bayansa. Sannan ya ce, da muryar da yake amsa mata tun yana ƙarami, "To. Fangali nawa? Kuma wane girma, irin naki ko irin na Zalika?"

"Kai, wace irin tambaya ce wannan? Kowa ya..."

Ta tsaya. Direba ya buga gefen motar yana kiran mutum ɗaya, mutum ɗaya. Ta gyara hular a cinyarta.

"Kada ka ja ko layi ɗaya," ta ce. "Ka tada inji ka jiƙa ƙasar kawai. Ina zuwa in auna da ƙafata."